Maganin Rage Kitsen Jini: In Ya Yi Ɓarna, Wa Zai Biya Diyya?

Duk wanda ya daɗe yana bin kasuwannin kan iyaka, tun daga Illela da Ƙonni har zuwa Jibiya da Maraɗi da Maigatari, zai iya shaida cewa kayan da ke cikin katan-katan na 'yan magani sun sauya. A da, abin da ake ɗauka bai wuce maganin zazzaɓi da na ciwon kai da na tsutsar ciki da kafso ja-da-yalo ba. Yau kuwa ga maganin hawan jini, ga na ciwon suga, sannan ga wani baƙo da ya biyo bayansu, wato maganin rage kitsen jini, kitsen nan da likitoci ke kira kolestarol. Idan mai karatu ya duba jikin kwalin zai ga sunaye irin su simvastatin ko atorvastatin ko rosuvastatin. Dukkansu 'yan gida ɗaya ne, shi ya sa ƙarshen sunansu ya zo iri ɗaya.

Masu shan wannan magani galibi manyanmu ne, iyayen gida da hajiyoyin da suka haura hamsin, waɗanda likita ya auna jininsu a Kano ko Yamai ko Alƙahira ya rubuta masu na wata ɗaya ko biyu. Da zarar na farkon ya ƙare, da yawa ba su komawa wurin likitan, sai dai a ba yaron shago tsohon kwali a ce ya je ya samo irinsa. A shirye-shiryen lafiya na gidan rediyo mun sha jin tambayoyi biyu daga masu bugo waya: shin gaskiya ne maganin nan yana lalata jiki, kuma idan ya lalata, akwai wanda za a kama? Amsar duka biyun tana cikin wasu shari'o'i da aka yi a Amurka da Faransa, da kuma wadda ta taso daga nan Kano.

Mu fara da abin da maganin yake yi. Hanta ce ke sarrafa mafi yawan kolestarol ɗin da ke jikin mutum, abinci ƙari ne kawai. Idan ya yi yawa a cikin jini yakan riƙa liƙewa a jikin jijiyoyi kamar yadda tsatsa ke cike bututun ruwa, har wata rana hanya ta toshe, a samu bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Wani masani ɗan ƙasar Japan mai suna Akira Endo ne ya gano sinadarin farko da ke rage wa hanta wannan aiki, a cikin wani nau'in funfuna, a shekarar 1973. A 1987 Amurka ta amince da na farko da ya shiga kasuwarta, lovastatin. Sai a 1994 aka samu hujjar da ta rufe bakin masu shakka, lokacin da aka bi sawun masu ciwon zuciya 4,444 a ƙasashen arewacin Turai, aka ga mace-mace sun ragu da kashi 30 cikin ɗari a tsakanin waɗanda aka ba simvastatin. Daga nan kasuwa ta buɗe. Lipitor na kamfanin Pfizer kaɗai ya yi cinikin da ya haura dala biliyan 125 kafin wa'adin mallakarsa ya ƙare a Amurka a watan Nuwamban 2011.

Inda ake irin wannan ciniki kowa zai so ya kafa rumfa. Kamfanin Bayer na Jamus ya shigo da nasa a 1997, cerivastatin, wanda ake sayarwa da sunan Baycol a Amurka, a Turai kuma Lipobay. Abin da kamfanin ke taƙama da shi shi ne ƙarfin maganin, domin ɗan ƙanƙanin awo ne ke yin aikin da sauran ke yi da awo mai yawa. A watan Yulin 2000 aka amince masa da awo mafi girma, miligiram 0.8. Shekara ɗaya da 'yan kwanaki bayan haka, ranar 8 ga Agustan 2001, kamfanin ya janye maganin daga kasuwa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce ta samu rahoton mutuwar mutum 31, kuma 12 daga cikinsu sun haɗa shi ne da wani maganin kitsen jini mai suna gemfibrozil. Cikin kwanaki kaɗan kamfanin da kansa ya ce adadin a duniya ya kai 52, daga baya ya kai wajen 100.

Cutar da ta kashe su ita ce ya kamata kowane mai shan irin wannan magani ya san kamanninta. Naman jiki ne ke narkewa. Tsokar cinya da ta dantse da ta baya su riƙa ciwo, ƙarfi ya tafi har mutum ya kasa tashi daga kan tabarma ko hawa mota. Abin da ya narke ɗin yana shiga jini ya tafi ƙoda, ya toshe ta, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, ya kuma ragu. In ba a yi gaggawa ba ƙodar ta tsaya, sai dai wankin ƙoda, in an samu wurin yi da kuɗin biya. Wani bincike da ma'aikatan hukumar ta Amurka suka wallafa a 2002 ya nuna cewa rahotannin mutuwa ta wannan hanya a kan Baycol sun ninka na sauran 'yan uwansa sau 16 zuwa 80. Ke nan ba duka zuriyar ce ke da wannan mugun hali ba, ɗa ɗaya ne ya fita zakka.

A nan ne lauyoyin Amurka suka shigo. Tsarinsu ya sha bamban da namu, domin a can lauya yakan ɗauki ƙarar mutum ba tare da karɓar ko sisi ba, da sharaɗin in an ci zai ɗauki kimanin kashi ɗaya bisa uku na diyyar, wani lokaci har kashi 40 cikin ɗari. In an faɗi, asararsa ce. Saboda haka talaka na iya ja da kamfanin da ya fi wasu ƙasashenmu kuɗi. Aka cika talabijin da talla ana kiran duk wanda ya taɓa shan Baycol, dubban ƙararraki suka taru, aka tattara na kotunan tarayya a gaban alƙali guda a jihar Minesota.

Shari'ar farko da aka yi a fili an yi ta ne a garin Corpus Christi na jihar Teksas a farkon 2003. Wani dattijo ɗan shekara 82 da cutar narkewar tsoka ta kwantar ya nemi diyyar dala miliyan 560. Lauyoyinsa sun tilasta wa kamfanin fito da takardun cikin gida da wasiƙun da ma'aikata ke aika wa juna, suka kafa hujja da su cewa an ga alamun haɗari tun da wuri amma aka ci gaba da talla. Kamfanin ya ce ya bi doka, kuma duk lokacin da sabon bayani ya zo yakan gyara gargaɗin da ke cikin kwali. A watan Maris masu taimaka wa alƙali suka wanke kamfanin, dattijon ya tashi a tutar babu. Masu iya magana sun ce shari'a saɓanin hankali.

To amma kada a ɗauka kamfanin ya tsira haka nan. Dabarar da ya bi ita ce raba masu ƙara gida biyu. Wanda ke da takardar asibiti da ke nuna cewa lallai tsokarsa ta narke, ga sakamakon gwajin jini, ga kwanakin da ya yi a kwance, ga takardar likitan da ya rubuta maganin, sai a kira shi gefe a sasanta. Wanda kuwa bakinsa kawai ya zo da shi, ya ce ya sha kuma ya ji ciwon jiki, sai a ce a haɗu a kotu. Ta haka Bayer ya sasanta ƙararraki kimanin 3,000 a kan kuɗin da ya haura dala biliyan ɗaya, ba tare da ya amsa laifi ba, yayin da dubban sauran aka kore su ko masu su suka janye. Maganar ba ta mutu da wuri ba, domin har a watan Satumban 2022 kamfanin ya amince ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 40 kan wasu zarge-zarge da wata tsohuwar ma'aikaciyarsa ta taso da su, waɗanda suka shafi magunguna uku har da Baycol. A nan ma bai amsa laifi ba.

Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne takarda ce ta raba wanda ya samu da wanda ya rasa. Mu da muka saba ciniki da amana da tafa hannu, wannan darasi ne mai ɗaci.

Shari'ar Lipitor ta ƙara fito da wannan a fili ta wata fuskar. A watan Fabrairun 2012 hukumar Amurka ta umarci a ƙara gargaɗi a jikin magungunan nan cewa suna iya ɗaga sukarin jini. Nan da nan mata sama da 3,000 suka kai Pfizer ƙara, suna cewa Lipitor ne ya jawo masu ciwon suga. Aka tattara ƙararrakin a jihar Karolina ta Kudu. Masana ba su musa cewa maganin na ɗan ƙara yiwuwar kamuwa da suga ba, domin wani nazari na 2010 ya nuna cewa a cikin mutum 255 da suka sha shi shekara huɗu, ana samun ƙarin mutum ɗaya da ya kamu. Matsalar ita ce yadda za a nuna cewa wannan mata da ke tsaye a gaban kotu ita ce ɗayar, alhali ga ƙiba, ga shekaru, ga gado, waɗanda kowannensu ya isa ya kawo ciwon. Alƙalin ya ƙi karɓar shaidar ƙwararrun da masu ƙara suka kawo, ya kori ƙararrakin a farkon 2017, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a 2018. Akwai ma wani hukunci na Kotun Ƙolin Amurka na 2011 da ya shafe mu kai tsaye a ma'ana, wanda ya ce ba za a kai ƙarar kamfanin da ke yin kwaikwayon magani bisa izini ba kan cewa gargaɗinsa bai isa ba, tunda doka ce ta tilasta masa kwafe gargaɗin mai asali. Mafi yawan abin da ke cikin katan ɗinmu kuwa irin wannan ne, daga Indiya da sauran wurare. Idan a Amurkar ma hanya ta yi ƙunci haka, ina ga wanda ya saya a rumfa?

'Yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi, waɗanda harkar maganinsu ta fi karkata ga Faransa, za su fi sanin labarin Mediator na kamfanin Servier. Shi ba ɗan gidan su simvastatin ba ne, amma an shigo da shi kasuwa a 1976 da sunan mai taimakawa wajen rage maiƙon jini, daga baya aka riƙa ba masu ciwon suga da ƙiba, likitoci da yawa kuma suka mayar da shi maganin rage cin abinci. Mutane kimanin miliyan biyar suka sha kafin a janye shi a 2009, bayan wata likitar huhu a garin Brest, Irène Frachon, ta nace cewa yana lalata ƙofofin zuciya. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga 500 zuwa wajen 2,000. Faransa ta bi wata hanya dabam da ta Amurka. A 2011 gwamnati ta ɗora wa hukumarta mai biyan diyyar haɗurran asibiti aikin duba takardun waɗanda abin ya shafa, don kada kowa ya tsaya jiran kotu. Sannan aka yi shari'ar laifi. A watan Maris na 2021 kotun Paris ta samu kamfanin da laifin yaudara da kisa ba da niyya ba, ta ci shi tarar Yuro miliyan 2.7, ita kanta hukumar kula da magunguna ta ƙasar aka ci ta tara saboda sakaci. A watan Disamban 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta tsananta hukuncin, ta ce kamfanin ya mayar wa asusun inshorar lafiya Yuro miliyan 415, wato kimanin sefa biliyan 272. Daga janye magani zuwa wannan hukunci shekara 14 ke nan, a ƙasar da kowane ƙwayar magani ke da rajista.

Kada kuma wani ya ce to bari ya koma na gargajiya ko na ganye da ake zubawa a kwalba mai kyau. A watan Maris na 2024 kamfanin Kobayashi na Japan ya janye wasu ƙwayoyi na jar shinkafa da yake tallatawa a matsayin abin rage kolestarol na ɗabi'a, waɗanda ake saye ba tare da takardar likita ba. Ɗaruruwa sun kwanta asibiti da ciwon ƙoda, an fara da rahoton mutuwar mutum biyar, daga baya aka shiga binciken wasu gommai. An gano cewa wata funfuna ce ta gurɓata kayan a masana'anta, shugabannin kamfanin kuma suka ajiye aiki a watan Yulin shekarar.

Duk da wannan jerin, za mu yi wa mai karatu rashin adalci idan muka bar shi da tunanin cewa maganin guba ne. Lissafin da manyan masana suka wallafa a mujallar Lancet a 2016 ga shi: idan aka ba mutum 10,000 da suka riga suka taɓa samun matsalar zuciya ko shanyewar jiki wannan magani har shekara biyar, za a kare kimanin 1,000 daga sake faɗuwa. A cikin masu haɗari da ba su taɓa faɗuwa ba, za a kare 500. A ɗaya ɓangaren, mutum biyar ne za su samu ciwon tsoka na gaske, wataƙila ɗaya ya kai ga narkewa in ba a dakatar ba, sannan 50 zuwa 100 su kamu da suga. Ɗan kasuwa ya san yadda ake auna riba da faɗuwa, wannan ba ya buƙatar dogon turanci. Ciwon jikin da ake yawan ɗora wa maganin ma, an gwada shi a Ingila a 2020, inda aka riƙa ba mutum 60 da suka daina shansa saboda ciwon jiki, wata na gaske, wata ƙwayar da ba komai a cikinta, ba tare da sun san wanne ne wanne ba. Kashi 90 cikin ɗari na ciwon da suka ji da na gasken sun ji shi da na bogin ma. Tsoro kansa na da nasa ɓarnar. Bayan wata cece-ku-ce da jaridun Ingila suka yi a kan maganin tsakanin 2013 da 2014, an ƙiyasta cewa mutum 200,000 sun daina sha, abin da masana suka ce zai iya jawo ƙarin bugun zuciya da shanyewar jiki 2,000 cikin shekara goma. Mu 'yan rediyo wannan gargaɗi ne a gare mu musamman.

Haɗarin da ya fi kusa da mu, a ganinmu, yana cikin yadda ake shan maganin a wurarenmu. Ku tuna cewa fiye da kashi ɗaya bisa uku na mutum 31 na farko da Baycol ya kashe a Amurka haɗin magani biyu ne ya ci su. Simvastatin ba ya jituwa da erythromycin da clarithromycin, waɗanda kowane kemis ke miƙa wa mai tari. Ba ya jituwa da ketoconazole da itraconazole na sha, da ake ba masu ƙyasfi da makero, haka nan da wasu magungunan ƙanjamau masu ɗauke da ritonavir. Waɗannan suna tare hanyar da hanta ke bi ta fitar da shi, sai ya taru a jini ya ninka. Amlodipine, wanda kusan kowane mai hawan jini a cikinmu ya san shi, tun 2011 hukumar Amurka ta ce mai shansa kada ya wuce miligiram 20 na simvastatin a rana, kuma a shekarar ce ta ce kada a ɗora sabon majiyyaci a kan miligiram 80. Yaron da aka aika da tsohon kwali bai san wannan ba. In babu na 20 zai karɓo na 40, mai shagon ma ya ce masa ai wannan ya fi ƙarfi.

Sannan ga wata matsalar. Mutumin da ya wuni a bayan mota daga Dawanau zuwa Damagaram, ya kwana kan benci a bakin shingen kwastan, in ya tashi da ciwon jiki ba zai zargi magani ba. In fitsarinsa ya yi duhu za a ce shawara ce ko zazzaɓi, a jiƙa masa sassaƙe, ko a ƙara masa diclofenac wanda shi ma nauyi ne a kan ƙoda, ga zafin bazara ga ƙarancin ruwa a jiki. Gwajin jinin da ke nuna narkewar tsoka ba kowane asibitin kan iyaka ke yin sa ba. In rai ya yi halinsa a yi jana'iza kafin la'asar, a ce kwana ya ƙare. Lallai kwana ne ya ƙare, amma ba wanda zai rubuta sunan maganin a ko'ina, kuma ƙanensa zai ci gaba da shan sauran kwalin.

Idan aka zo batun diyya a yankinmu, misalin da kowa ya sani shi ne na Trovan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe dubbai a arewacin Nijeriya, kamfanin Pfizer ya yi gwajin sabon maganinsa a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano a kan yara kimanin 200, rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi kisan kuma ya ceci rayuka. Sai da jaridar Washington Post ta tona zancen a ƙarshen 2000, aka shigar da ƙara a New York a 2001, aka yi ta kai-komo har kotun ɗaukaka ƙara ta can ta ce a 2009 iyalan na da damar a saurare su. A shekarar ce kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, inda aka ware miliyan 35 don waɗanda abin ya shafa. Kuɗin farko bai shiga hannun kowa ba sai a watan Agustan 2011, lokacin da iyalai huɗu suka karɓi dala 175,000 kowannensu, bayan gwajin ƙwayar halitta ya tabbatar da dangantakarsu da yaran. Shekara 15 ke nan, kuma da gwamnatin jiha da ta tarayya da lauyoyin waje da jaridun duniya duk a cikin maganar. Ko a nan ɗin, rigimar da ta fi zafi a ƙarshe ita ce ta tantance wane ne aka yi wa gwajin da gaske, wato dai maganar shaida.

A 2008 maganin haƙoran yara na My Pikin, da aka gurɓata da wani sinadarin masana'antu, ya kashe yara 84 a Nijeriya. A 2013 kotun tarayya a Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai-bakwai. An iya yin haka ne domin masana'antar tana cikin ƙasa, hukumar NAFDAC ta san ƙofarta. A Gambiya kuwa, inda yara kimanin 70 suka mutu a 2022 bayan shan maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya, iyaye sun shigar da ƙara a babbar kotun Banjul a 2023, suka haɗa da kamfanin da ya yi, da wanda ya shigo da shi, da hukumar magunguna, da ma'aikatar lafiya. Kamfanin na Indiya ya musanta cewa kayansa ne suka yi kisan. A duba jerin waɗanda aka kai ƙarar da kyau: mai masana'anta yana can nesa da hannun kotu, wanda ke kusa shi ne wanda ya shigo da kayan.

Wannan shi ne abin da ya shafi aljihun masu karanta wannan shafi. Dokar kare haƙƙin masu saye ta Nijeriya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ɗora alhakin ɓarnar da kaya masu aibi suka yi a kan wanda ya samar da su ga mai saye, ba mai masana'anta kaɗai ba. Dokar jabun magunguna ta 1999 ta haramta sayar da magani a kasuwa da tasha da cikin mota da duk wurin da ba shi da lasisi, ta kuma tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 15 ko tara ga mai safarar jabu. Lasisin ƙaramin kemis bai kai ga magungunan da sai da takardar likita ba, na kitsen jini kuma yana cikinsu. An daɗe ana kallon waɗannan dokoki kamar ba su, amma a watan Fabrairun 2024 an rufe shagunan magani sama da dubu a Sabon Garin Kano don tilasta wa 'yan sari komawa sabuwar cibiyar Ɗangwauro, a Fabrairun 2025 kuma aka garƙame manyan kasuwannin magani na Anaca da Aba da Idumota a Legas. A Jamhuriyar Benin an tarwatsa kasuwar magani ta Kwatano a 2017, aka kuma ɗaure shugabannin wasu manyan kamfanonin sari a 2018. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta a 2023 cewa tsakanin kashi 19 zuwa 50 cikin ɗari na magungunan da ke yawo a ƙasashen Sahel jabu ne ko marasa inganci. Jabun maganin kitsen jini kuwa ba ya nuna kansa, domin mai sha ba ya jin komai ko yana aiki ko ba ya yi, sai ranar da ya faɗi.

Kwalin da aka yi a Indiya, aka sauke a tashar ruwa ta wata ƙasa, ya ratsa ta biyu, aka sayar a ta uku ga mutumin da zai sha a ta huɗu, babu kotu ɗaya da za ta iya bin sawunsa har gida. Tun bayan ficewar Nijar daga ECOWAS a watan Janairun 2025 ma, zauren da jami'an ɓangarorin biyu ke haɗuwa a kai a kai ya ragu da ɗaya. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa, waɗanda ke iya sasanta rikicin bashin miliyoyi tsakanin Bakatsine da Bamaraɗe a zama ɗaya, su ne ke da ikon cewa daga yau kowane ɗan sari ya ba da rasit mai ɗauke da sunan magani da lambar rukuninsa. Bai fi ƙarfinsu ba.

Ga mai shan maganin kuwa, kada ya daina don ya karanta wannan sharhi, musamman in ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar jiki. Ya gaya wa duk wanda zai ba shi wani magani cewa yana kan na kitsen jini, ya kuma nuna kwalin. Mace mai ciki ko mai shayarwa ta koma wurin likita kafin ta ci gaba. In aka ga ciwon tsoka mai tsanani a ɓangarorin jiki biyu tare da kasala da baƙin fitsari, a dakatar da maganin a nufi babban asibiti a ranar, da kwalin a hannu, a nemi a auna ƙoda. A ajiye kwalin da takardar likita da sakamakon gwaji, a kuma roƙi likita ko mai haɗa magani ya cike takardar rahoton illar magani. A Nijeriya NAFDAC na karɓar irin wannan rahoto, tun 2020 ma ta fito da manhajar waya mai suna Med Safety da majiyyaci zai iya aikawa da kansa. A Nijar da Kamaru da Chadi ma'aikatun lafiya na da sashen da ke tattara su. Rahotanni irin waɗannan, da likitoci da iyalai suka riƙa aikawa ɗaya bayan ɗaya, su ne suka taru a teburin hukumar Amurka har aka kira Bayer a watan Agustan 2001.